Sitiyarin Gem ɗin Tsere: Me Kuɗinka Ke Saya?

Duk wanda ya daɗe yana tseren mota da ɗan hannun nan na PlayStation ko Xbox, wata rana sai zuciya ta raya masa ya nemi sitiyari. Ba abin mamaki ba ne. Mota ce a allo tana zabga gudun kilomita 300 a awa, kai kuma da babban yatsa ɗaya kake juya ta. To amma da mutum ya leƙa kasuwa sai kansa ya ɗaure. Ga sitiyarin da bai kai dala 100 ba, ga na dala 300, ga kuma wanda akwatin injinsa kaɗai ya haura dala 1,000, babu zoben da ake riƙewa, babu feda. A hoto kuwa duk kamarsu ɗaya.

Abin da ya raba su ba laushin fata ba ne, ba kuma yawan maɓallai ba. Sitiyarin gem aiki biyu gare shi. Yana kai umarninka ga mota, sannan yana dawo maka da labarin halin da tayoyi ke ciki. Aikin farko kowane sitiyari na iyawa, har na roba da ake saya wa yara. Kuɗin gaba ɗaya a kan na biyun ake zuba shi. Direban motar gaske ba da ido kaɗai yake tuƙi ba. Kujera na sanar da gadon bayansa lokacin da bayan mota ya fara zamewa, jikinsa na rinjaya gaba in ya taka birki. Wanda ke zaune a ɗaki gaban talabijin ba shi da ko ɗaya. Ido ne da kunne, sai tafin hannu.

Ga yadda labarin ke isowa tafin hannun. Idan ka karya kwana, tayoyin gaba kan yi ta ƙoƙarin komawa saiti da kansu, shi ya sa in ka sassauta riƙo bayan kwana sitiyari ke warwarewa ya dawo tsakiya. Ƙarfin wannan turjiya ya danganta da yadda taya ta damƙi kwalta. Gem na lissafa shi ba ƙaƙƙautawa, ya aika wa injin lantarkin da ke cikin akwatin sitiyari, injin ya murɗa maka hannu daidai gwargwado. In ka shiga kwana da gudun da ya wuce kima har tayoyin gaba suka fara sulɓewa, sai ka ji sitiyari ya yi sakayau tun kafin idonka ya ga mota ta nufi jeji. In kuma bayan motar ne ya ɓalle, sitiyarin da kansa zai fara juyawa ɓangaren da ya kamata ka bi don ka taro ta. Hawa gefen titi, faɗawa tsakuwa, kulle taya da birki, kowanne da yadda yake zuwa hannu. Wannan ne ake rubutawa Force Feedback ko FFB a jikin kwali, kuma shi za ka fara dubawa kafin komai.

Nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Akwai sitiyari masu araha irin su Thrustmaster T80, Hori Racing Wheel Apex da PXN V9 waɗanda ba su da injin murɗawa ko kaɗan. Roba ce ko sifirin ke dawo da su tsakiya, wasu kuma an sa musu abin karkarwa. Mai shago zai kunna maka, ka ji yana girgiza, ya ce ai ga shi nan yana aiki. Girgiza daban, turjiya daban. Girgiza sai ka daki bango take sanar da kai, turjiya kuwa tun kana nesa take gaya maka za ka dake shi in ba ka sassauta ba. A ganina hannun gem ɗin da ke gidanka ya fi irin wannan sitiyari amfani a tsere, kuma akwai dalili. Masu haɗa gem sun san babban yatsa ba ya tuƙi dalla-dalla, don haka suna tace motsinsa, suna hana taya karyewa fiye da yadda gudun mota zai ɗauka. Da ka jona sitiyari sai a janye yawancin wannan tallafi, a bar ka da hannunka. In sitiyarin bebe ne, ka rasa tallafi, ba ka kuma samu komai a madadinsa ba. Araha dai ba ta ado. Uzurin da zan yi musu kawai shi ne mai son jan tirela a hankali a Euro Truck Simulator 2, ko uban da ke nema wa ƙaramin yaro abin wasa.

Cikin masu turjiyar gaske kuwa, hanya uku ake bi wajen haɗa inji da sitiyari. Mafi daɗewa ita ce ta haƙoran giya, kuma Logitech ne ya riƙe ta. Tun daga G25 na 2006, zuwa G27, zuwa G29 da G920 na 2015, har G923 na 2020, tsarin cikinsu kusan ɗaya ne: ƙananan injuna biyu na juya giya, giyar na juya sandar sitiyari. Ƙarfinsu ɗan sama da Nm 2 ne, ma'aunin da zan dawo kansa nan gaba. Aibinsu ba ɓoyayye ba ne. Suna da ƙara, in mota ta hau gargada sai ka ji ƙaf-ƙaf-ƙaf har na ɗakin kusa ya san kana tsere. Kana jin haƙoran giyar a hannu. A tsakiya kuma, lokacin da ka miƙe hanya, akwai ɗan wurin da turjiyar ke ɓacewa. Duk da haka G29 na cikin sitiyarin da suka fi yawa a hannun mutane, don yana da jimiri, yana zuwa da feda uku har da kuloci, kusan kowane gem na tsere ya san da zamansa, sannan samun na hannu ko kayan gyaransa ba wuya. A kan dala 400 aka fitar da shi, amma an daɗe ana samunsa ƙasa da haka sosai.

Hanya ta biyu ta bel ce, kamar dai yadda bel ke haɗa inji da kan markaɗe. Thrustmaster T300 RS, wanda ya fito a 2014, shi ne sanannen misali. Bel na shanye ƙara da kaushin giya, sitiyari ya yi sulɓi, ƙarfinsa ya kusa Nm 4. Sai dai abin da ya shanye ƙarar shi ne kuma ke shanye wasu ƙananan bayanan hanya. Yana da fanka a ciki, kuma in ya ɗauki zafi yakan rage ƙarfinsa da kansa don kada ya ƙone, abin lura ga wanda zai yi awa uku yana wasa a rufaffen ɗaki cikin watan Afrilu. T150, TMX, T128 da T248 kuma gauraye ne, rabi bel rabi giya, suna tsakanin biyun a laushi.

Ta uku babu giya, babu bel. A kan sandar injin kansa ake ɗaura zoben sitiyari, shi ne ake kira Direct Drive, a taƙaice DD. Babu haƙorin da zai cinye, babu bel ɗin da zai saki, abin da gem ya faɗa shi ke isowa hannu nan take, kuma shiru yake aiki. Shekaru da dama wannan kayan masu hannu da shuni ne, irin Simucube na ƙasar Finland da Podium na kamfanin Fanatec na Jamus. Abin ya sauya a 2021 lokacin da Fanatec ya fitar da CSL DD a kan kusan dala 350, mai Nm 5, wanda ke hawa Nm 8 in an canja masa babbar adafta. Kamfanonin Sin suka biyo baya, Moza da R3, R5 da R9, Simagic da Alpha Mini. Tsofaffin hannu ma dole suka shigo, Logitech da G Pro mai Nm 11 a 2022, Thrustmaster da T818 da T598. Amma a kula da lissafi. Sau da yawa farashin da ake tallatawa na akwatin inji ne kawai. Zobe daban, feda daban, wani lokaci har maƙalar teburi daban.

Yanzu sai maganar Nm, wanda talla ta mayar tamkar shi ne komai. Ma'aunin ƙarfin murɗawa ne. In kana so ka ƙiyasta shi a jikinka, ɗauki zobe mai faɗin santimita 30. Nm 2 daidai yake da a rataya kilo 1.4 a bakinsa, Nm 5 kilo 3.4, Nm 8 kilo 5.4. Nm 25 na Simucube 2 Pro kusan kilo 17 ke nan, kuma ba a rataye yake shiru ba, fizga yake yi in mota ta yi karo. Shi ya sa manyan ke zuwa da jan maɓallin gaggawa, shi ya sa kuma ba a barin yaro ya zura yatsu cikin zobensu. Wannan lissafi na nuna wani abu kuma: in ka ɗora babban zobe a kan ƙaramin inji, turjiyar sai ta ƙara rauni.

To mene ne amfanin ƙarfi, tunda ba kokawa aka zo yi ba? Amfaninsa sarari ne. Ka ɗauka kana tsakiyar doguwar kwana, gem ya nemi ƙarfin da ya fi wanda injinka ke iya bayarwa. Injin ya riga ya ƙure. Duk abin da ya sami taya bayan nan, ɗan rami ne, ɗan santsi ne, ba zai iso hannunka ba, nauyi ɗaya za ka ji babu hawa babu sauka, a daidai wurin da ka fi buƙatar labari. Mai ƙaramin inji dole ya rage ƙarfi a saiti don kauce wa haka, sai kuma ƙananan bayanai su yi laƙwas. Babban inji na iya riƙe nauyin kwana ya kuma bar wuri ga ƙananan. Don haka tashi daga Nm 2 zuwa 5 babban sauyi ne wanda kowa zai ji. Daga 5 zuwa 8 ma ana ji. Abin da ya haura 10 ko 12 kuwa, da yawa daga masu shi rage shi suke yi a saiti, sun biya kuɗin ƙarfin da ba sa taɓawa.

Kada kuma a ɗauka tsadar kaya ce ke kawo gwaninta. Gasar GT Academy da Nissan da Sony suka fara a 2008 ta ɗauko 'yan gem ɗin Gran Turismo ta mayar da su direbobin tsere na gaske. Lucas Ordóñez ɗan Sifen ya ci ta farko, Jann Mardenborough ɗan Birtaniya ya ci a 2011, kuma a 2013 su biyun suna cikin motar da ta zo ta uku a rukuninta a tseren awa 24 na Le Mans. A shekarun da suka koyi tuƙi a ɗaki, DD bai shigo hannun talakan ɗan gem ba. Da giya da bel aka yi wannan aiki.

Akwai tambayar da ke iya rushe duk wannan bayani in ba a amsa ta da wuri ba: a kan wace na'ura za ka yi wasa? Sony da Microsoft ba sa karɓar sitiyarin da ba shi da lasisinsu. G29 na PlayStation ne da kwamfuta, G920 na Xbox ne da kwamfuta, cikinsu kusan ɗaya ne amma ɗaya ba ya aiki a gidan ɗaya. G923 iri biyu ne, sai ka karanta kwali. G27 tsohon kirki ne a kwamfuta, amma PS4 da PS5 ba su san shi ba, don haka kada mai kayan gwanjo ya ruɗe ka da araharsa. Na Fanatec ya fi rikitarwa: izinin PlayStation a cikin akwatin inji yake, na Xbox kuma a cikin zobe. Wato CSL DD ba zai taɓa aiki a PS5 ba ko wane zobe ka sa masa, sai dai ka nemi akwatin injinsu mai izinin PlayStation, irin Gran Turismo DD Pro. Yawancin kayan Moza na kwamfuta ne, ko da yake R3 na da samfurin Xbox. Wayar hannu kuwa ba don ita aka ƙera waɗannan ba.

Kwamfuta ta fi sakin mara. Kana iya jona sitiyarin wani kamfani, fedar wani, giyar wani, kowanne da wayarsa ta USB. A PlayStation da Xbox dole komai ya bi ta akwatin sitiyari, ma'ana ranar da ka zaɓi kamfani ka zaɓi fedar da za ka iya saye nan gaba. Kamfani kuma ba dutse ba ne. Endor, uwar kamfanin Fanatec, ta durƙushe a 2024 har Corsair na Amurka ya sayi Fanatec ɗin. Ga wanda ya yi odar kaya daga waje ma, garanti kusan suna ne kawai, don kuɗin mayar da akwati mai nauyi Turai na iya cinye rabin kuɗin sabo.

Gem ɗin kansa ma a duba shi. Ba duk wasan da ke da mota ne ke karɓar sitiyari ba. GTA V, wanda ya cika gidajen gem, ba a gina shi da sitiyari ba. Need for Speed da ire-irensa don hannun gem aka tsara su, ko sun karɓi sitiyari ba a cika jin daɗinsa ba. Inda yake nuna kansa shi ne Gran Turismo 7 a PlayStation, Forza Motorsport a Xbox da kwamfuta, Assetto Corsa da ƙaninsa Competizione, wasannin F1, DiRT Rally 2.0, sai iRacing, wanda na kwamfuta ne kaɗai, ake biya wata-wata, kuma yake buƙatar intanet mai tsayawa.

Da za a ce in nuna wuri ɗaya da kuɗi ke rage daƙiƙoƙi a zagaye, ba sitiyari zan nuna ba, birki zan nuna. Kowa na iya danne totur a miƙaƙƙiyar hanya. Bambanci na fitowa ne a 'yan mitocin da ke gaban kwana: ina ka fara taka birki, da wane ƙarfi, kuma yaya kake ɗaga ƙafa sannu-sannu yayin da kake karya sitiyari. Fedar da ke zuwa da G29 ko T300 nisan tafiya take aunawa. Ka tura rabi, gem ya ce rabin birki. Birkin motar gaske ba haka yake ba, matsin ƙafa yake ji. Ƙafar ɗan Adam kuma ta fi iya tuna ƙarfin da ta sa a kan nisan da ta yi. Shi ya sa mai fedar nisa zai sha kwana lafiya yanzu, a zagaye na gaba ya kulle taya a wannan kwanar, bai san abin da ya canja ba.

Birki mai auna matsi, wanda ake rubutawa Load Cell, na ɗauke da irin ma'aunin da ake sa wa sikelin lantarki. Fedar ba ta tafiya da nisa, tauri gare ta, kai kake ƙara nauyi ko ka rage. Thrustmaster T-LCM na auna har kilo 100, Fanatec da Moza ma suna da nasu. Kwanakin farko ƙafa za ta yi tsami, daga baya sai ka ga zagayenka sun fara kama da juna, kuma a doguwar tsere wannan daidaito ya fi zagaye ɗaya na bajinta. Ni dai in an ba ni zaɓi tsakanin G29 mai birkin matsi da DD mai Nm 8 da fedar roba, a tseren gasa na farkon zan ɗauka, ko da yake na biyun ya fi daɗi a hannu.

Wani ƙaramin abu game da feda da ya shafe mu kai tsaye shi ne ƙura. Fedar G29 da danginta ma'auni mai gogayya gare su, ɗan ƙarfe ne ke bin wata hanya a ciki. In ƙurar hunturu ta shiga sai ya fara ƙarya, totur ya ƙi cika ko birki ya riƙa kama kansa ba ka taka ba. Feshin wanke kayan lantarki na gyara shi, rufe fedar da ƙyalle bayan wasa na hana shi. Masu ma'aunin maganaɗisu, irin T-LCM da sabbin fedojin Fanatec da Moza, babu abin da ke gogar wani a cikinsu, ba su da wannan ciwo.

Duk wannan kuma a banza ne in babu wurin ɗaurewa. Sitiyarin da ke kan teburi mai rawa, rabin turjiyarsa teburin ke sha. Kujerar ofis mai taya, da ka taka birki sai ta gudu da kai baya. Feda a kan tayil na sulɓewa har sai ta sami bango. Teburin katako mai kauri na ɗaukar G29 ko T300, har DD mai Nm 5 in maƙalar na da kyau, amma daga Nm 8 ko birkin matsi sai an nemi firam. A Turai suna sayen kujerar tsere irin ta kamfanin Playseat ko firam ɗin alminiyam, mu kuwa a nan muna da sauƙin da su ba su da shi. Mai walda na unguwa, in ka kai masa awo da hoto, zai haɗa maka firam da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, ka samo tsohuwar kujerar mota a wurin 'yan gwangwan mai layin matsawa gaba da baya, a ɗaure. Ƙarƙashin sitiyarin da fedar akwai ramukan noti, yawanci M6. A dai tabbata farantin feda bai lanƙwasa in an danna da ƙarfi, nan ne yawancin haɗin gida ke gazawa.

Maganar yawan juyawa ba ta da tsawo. Motar gida na juya sitiyari kamar digiri 900, wato sau biyu da rabi daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Motar F1 kusan 360 take, motocin GT a tsakani, tirela kuma ta fi su duka. Sitiyari mai 900 ko 1080 ana iya rage shi a saiti, mai 270 kuwa ba ya ƙaruwa, ɗan motsi kaɗan sai mota ta wulla. Giyar hannu mai tsarin H ma kada ta ɗauke maka hankali a farko. Motocin tsere na zamani da 'yan fukafukan bayan sitiyari ake canja musu giya, kuma kusan kowane sitiyari na zuwa da su. Sai mai son tirela, tsofaffin motoci ko jan mota a karkace ne zai buƙaci giyar hannu da hambirki. Masu cewa za su koyi mota da shi, zai koya maka inda ƙafafu ke zama da yadda ake kallon gaba, amma ba zai koya maka jin inda kuloci ke kamawa ba, balle yadda ake rabon hanya da 'yan adaidaita sahu.

Wuta kuma sai an yi hattara. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120. Wasu adaftoci na karɓar kowacce, an rubuta 100 zuwa 240 a jikinsu, wasu kuwa na yanki ɗaya ne, musamman tsofaffin Thrustmaster da taransifomarsu ke cikin akwati. Karanta rubutun kafin ka soka a soket, sannan ka bi ta sitabilaiza ko UPS in janareta ne. Cin wutarsu ba shi da yawa, adaftar G29 wat 42 ce, ta CSL DD wat 90, babbar kuma 180, don haka inbata ta gida na ɗauka. Sitiyarin giya da na bel na Logitech da Thrustmaster na juya kansu ƙarshe zuwa ƙarshe duk lokacin da aka kunna su don su gane tsakiya. A ɗauke hannu har su gama.

In na hannu za ka saya, kada ka biya sai an jona shi a gem, ba kunna fitila kawai ba. Juya shi a hankali ka ji ko akwai inda yake cijewa. Ka taka kowace feda sannu-sannu kana kallon ma'auninta a allo, ya kamata ya hau sumul ya cika ya kuma dawo sifili. Duba maƙalan teburi, roba ne kuma su ke fara karyewa. Ka tabbata adaftar tasa ce ta asali.

Wa zai sayi wane? Mai PS4 ko PS5 da bai taɓa riƙe sitiyari ba, bai kuma san ko abin zai zauna masa ba, G29 ya ishe shi, in ya gaji ya sayar ba tare da babbar asara ba. In ƙara na damunsa, T300. Mai Xbox ya duba G920 ko Moza R3. Mai kwamfuta da ya riga ya san tsere ta shiga jininsa, ban ga dalilin da zai sa ya biya kuɗin sabon sitiyarin giya ko bel a yau ba, gara ya ƙara haƙuri ya tara na ƙaramin DD, abin da ya biyo baya ya zama birkin matsi da firam, ba ƙarin Nm ba. Mai gidan gem kuwa, inda hannu ɗari za su bi ta kansa kuma rabinsu yara ne, G29 ko G920 ne nasa, a ɗaure da noti.

Ranar da kaya ya iso, sa ran za ka fi jinkiri a kan yadda kake da hannun gem. Mako ɗaya ko biyu za ka yi ta juyewa a kwanar da da kake sha ido rufe, wannan ba laifin sitiyari ba ne. Sa talabijin a yanayin gem don rage jinkirin hoto. Daidaita digirin da ke manhajar sitiyari da wanda ke cikin gem, ta yadda zoben hannunka da na allo za su riƙa juyawa tare. Kada ka ƙure ƙarfin turjiya zuwa 100 don kawai ka ji nauyi. Assetto Corsa da iRacing suna da ɗan ma'auni a allo da ke nuna lokacin da inji ya ƙure, ka yi ta ragewa har ya daina cika a tsakiyar kwana. In kuma ka saki zoben a miƙaƙƙiyar hanya ka ga yana kaɗawa hagu da dama shi kaɗai, ƙarfin ne ya yi yawa, rage shi kaɗan ko ka ƙara masa ɗan tauri a saiti.